Ɗauka Da Sunayenta

Wani malamin makaranta ya zo wurina da wata kalmar Turanci, watau appropriation, gama ya gamu da ita cikin takardu biyu, ta kuwa rikita shi. A ta fari an ce majalisa ta yi wannan abu ga kuɗin gyaran hanya. A ta biyu an ce wani ya yi shi ga gonar maƙwabcinsa, har an kai shi gaban alƙali. Na ce masa asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta kuwa mai da abu naka. Sai dai Bature ya zuba abu biyu cikin ƙwarya ɗaya: keɓe kuɗi domin wani aiki, da ɗaukar abin wani ba da yardarsa ba.

Hausa ba ta yi mana rowa haka ba. Muna da aro da rance da jingina da gado da tsintuwa. Muna kuma da sata da ƙwace da fashi da wasoso da ganima. Kowace da nauyinta. Wanda ya ari fartanya, ita ɗin zai mayar. Wanda ya ranci hatsi ya ci, da wani hatsi zai biya. Ɓarawo yana da sauran kunya, shi ya sa yake zuwa da dare, amma mai ƙwace da rana tsaka yake zuwa, yana duban idonka.

To, ya mai karatu, ga inda damuwata take. Da yake sunayen suna da yawa, mai ɗauka yakan zaɓi wanda ya fi daɗin ji. Cikin shekarun da na yi ina sasanta mutane, ban taɓa jin wanda ya ce, "Ni ne na ƙwace," ba.

Bari mu fara da gona. Bisa ga al'ada, wanda aka ba shi aron gona yakan kai wa mai ita dami ɗaya ko biyu da kaka, ana ce da shi galla. Damin nan ba ya cika rumbu. Aikinsa shi ne ya tuna wa kowa, shekara da shekara, cewa gonar tana da mai ita. Na san wani gida a ƙasarmu inda aka bar kai damin, shekarar fari saboda fari, shekara ta biyu saboda mantuwa. Tsohon da ya ba da aron ya rasu. Da marayunsa suka girma suka nemi gonar, sai aka ce musu gado ce. Ba wanda ya ɗaga sanda, ba wanda ya matsar da iyaka da dare. Suna kaɗai aka sake, aro ya zama gado, gona ta tafi. Mutumin kuwa, ina shaida, yana barci lafiya, gama ya faɗa wa kansa sabon sunan har ya gaskata.

Sai haraji. A 1979 gwamnan Kaduna, Balarabe Musa, ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna. Bayan shekara arba'in, ga sunan ya komo daga cikin daji. Masu bindiga suka riƙa sa wa ƙauyukan Birnin Gwari kuɗi kafin a yi shuka, da kuma kafin a yi girbi, ana ce da shi haraji, har mu da bakinmu muka riƙa faɗa haka. Amma haraji, ko da ya yi nauyi, yana da ƙayyadadden lokaci, da takardar shaida, da wurin kai kuka. Wannan kuwa me yake da shi? Mu mutanen Gwaska mun ga abin da yake bayansa ran 5 ga watan Mayu, 2018, ranar da aka kashe mutum fiye da arba'in a garin nan. Wanda ya kira fashi haraji yana neman a ɗauke shi sarki ne, kowane lokacin da muka maimaita sunan kuwa, mun ɗaura masa rawani.

Zancen gwamnati ya fi wuya, ba ni so in yi mata ƙarya. A 1936 aka keɓe dajin Kamuku ya zama gandun daji na En'e, a 1999 kuma ya zama gandun ƙasa a hannun gwamnatin tarayya. Maharbi da mai ɗiban zuma da makiyayi sun ce an hana su dajin kakanninsu. Hukuma ta ce ta keɓe shi ne domin 'ya'yansu su tarar da itace da namun daji. A ganina keɓewa ba ƙwace ba ce, muddin an sanar, an kuma yi aikin da aka keɓe abin dominsa. Dokar ƙasa ta 1978 ma ta sa filayen jiha a hannun gwamna da sunan amana. Amma mai riƙon amana tsaro ne aikinsa. Sa'ad da aka hana talaka shiga daji da gatari, aka kuwa bar mai bindiga ya kafa sansani a ciki shekara da shekaru, dole talakan ya tambaya ko wa aka keɓe wa dajin.

Masu karanta Littafin Sarakuna na Fari sun san labarin Nabot. Sarki Ahab ya fara da ciniki, ya ce zai ba da kuɗi ko wata gona wadda ta fi kyau. Da Nabot ya ƙi, domin gadon kakanninsa ce, sai Yezebel ta shirya shaidun ƙarya, aka yi shari'a, aka jajjefe shi. Ahab ya gangara ya shiga gonar kamar mai karɓar abin da doka ta ba shi. A cikin gonar annabi Iliya ya same shi, ya kira abin da sunayensa biyu, kisa da ƙwace.

Malamin nan ya tambaye ni wace kalma zai rubuta wa 'yan makaranta a allo. Na ce ya rubuta keɓewa a hannun dama, ƙwace a hannun hagu, sa'an nan ya ba su labarin damin nan, su faɗa masa a wace shekara gonar ta ƙetare.