Kafin ka bar wa manhaja tayi

Ɗana, tunda sayen faɗin layin intanet na kamfaninku ya dawo wuyanka, kuma ka ce manhaja za ka saka ta riƙa yi maka tayi a gwanjo, zauna ka ji abin da nake gudar maka.

Cinikin nan ba sabo ba ne. A ƙarshen shekarun 1990 Aurel Lazar da ɗalibinsa Nemo Semret na Jami'ar Kolombiya a Amurka suka tsara gwanjon da ake yanka layi guda a raba wa masu tayi, daga baya kamfanin InvisibleHand Networks ya mai da shi kasuwa mai suna Merkato. A wancan lokacin kowane mai saye yana da wakili, wato manhajar da ke cewa megabit kaza nake so a kan kuɗi kaza, bayan 'yan mintoci a sake sabon zagaye. Tushen abin kuwa aikin William Vickrey ne na 1961: wanda ya ci gwanjo ba tayinsa yake biya ba, tayin wanda ya kayar yake biya.

To a irin wannan kasuwa kada ka yi wa wakilinka ƙarya. Na san jininmu, kaya na dubu sai mu taya ɗari uku mu jira a ce albarka. A nan wannan wayon asara ne. In ka rage tayi, layin ya kuɓuce maka, alhali da ma ba tayinka ke yanke kuɗin ba. In ka kumbura shi don ka kori abokan takara, ranar da wani ya matso kusa da kai za ka biya fiye da amfanin da layin zai yi maka. Faɗa wa wakilin gaskiyar darajar abin a wurinka. Kuma darajar ba ɗaya ba ce: megabit ɗin farko su ke ɗauke da biyan kuɗin abokan ciniki da kiran murya, na ƙarshe wataƙila bidiyon da ma'aikata ke kallo ne bayan azahar. Farashin da ka ba wakili ya riƙa sauka yayin da yawan ke hawa. Amma fa ka fara tambayar ƙa'idar kasuwar, domin inda ake biyan ainihin abin da aka taya, lissafin daban ne.

Sai iyaka. A watan Afrilun 2011 manhajojin wasu 'yan kasuwa biyu a Amazon suka riƙa leƙen farashin juna a kan wani littafi game da halittar ƙuda, ɗaya tana ɗan ragewa, ɗaya tana ƙarawa sosai, har farashin ya haura dala miliyan 23. Ba wadda ta lalace a cikinsu, umarnin da aka ba su suka bi, ba a dai gaya musu inda za su tsaya ba. Kai ka saka iyaka biyu, ta kuɗin megabit guda da ta jimillar abin da za a kashe a yini, ka haɗa da saƙon da zai tashe ka ko tsakar dare ne in an doshi ɗayansu.

Abin da aiki ba ya tafiya sai da shi kuwa, kada ka kai shi gwanjo sam. Saye shi da kwantiragi na wata ko na shekara, ka bar wa wakili rarar da ake buƙata lokacin cunkoso. Makon farko ka saka masa kuɗi kaɗan, kullum da safe ka buɗe rajistarsa ka ga ƙarfe nawa ya taya, nawa ya biya, a wane zagaye aka kayar da shi.