Kwanan Daji Da Goyo

'Yar'uwa, ga wata tambaya da za ta iya raba kan mata a gidan suna. Maigida ya ce ku shirya za a tafi hutu Yankari, a kwana biyu a daji, ga ki da jinjiri ɗan wata huɗu a baya. Ki bi shi ko ki zauna? Wasu za su ce ganganci ne, wa zai kai ɗanyen goyo daji in ba wadda ta manta zafin naƙuda ba? Wasu kuma su ce haba, ita mai shayarwa ba mutum ba ce? Sai ta ƙare ƙuruciyarta tsakanin murhu da igiyar shanya?

Yankari dai gandun namun daji ne a ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun Bauchi a 2006. Akwai giwaye da ɓauna, akwai ruwan Wikki mai ɗumi dare da rana. Amma kuma akwai sauro da tsando, ga gwaggon biri mai wawure abinci a hannun mutum. Daga nan Jibiya kuwa tafiyar yini guda ce a mota.

To kafin mu yanke hukunci, mu dubi abin da ke ƙofar gidanmu. Duk wadda ke zaune a Kusa ko Magama, nan bakin iyaka, ta san matan Fulani makiyaya. Da damina ta faɗi sai su bi shanu arewa zuwa Nijar, da kaka su dawo. Jariri yana bayan uwarsa, ko ina dare ya yi nan ne gida. Wa ya taɓa kiran wannan ganganci? Ita ta san inda ruwa yake, ta san yadda za ta kare ɗanta daga raɓa. Kin ga ke nan daji shi kaɗai ba laifi ba ne. Ɗakin jariri na gaskiya bayan uwarsa ne da ƙirjinta.

Akwai kuma mace ta uku, wadda tuna ta ke sa hawaye. Ita ce ta ƙauyukan Jibiya da Batsari da Safana, gefen dajin Rugu, wadda ƙarar baburan 'yan bindiga ta kora cikin dare. Ba gidan sauro, ba bargo, sai zanen da ke jikinta. Ta kwana a gonar gero tana cusa wa jariri nono don kada kukansa ya tona asirin jama'a. A 2019 dubban irinta daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka zuwa yankin Maraɗi neman mafaka.

Mata uku, kowacce da goyo, kowacce a daji. Mene ne bambancinsu? Zaɓi. Ta ƙarshe dole ce ta fitar da ita, dole kuwa uwar na ƙi ce, ba mai tuhumarta. Bafulatana rayuwarta ce, kuma ta gaji iliminta. Ke kuwa mai zuwa hutu, ke kika zaɓa, shi jariri ba a yi shawara da shi ba. Ba zai tuna giwa ba, ba zai ba da labarin Wikki ba. Daɗin naku ne ke da maigida, in kuma an samu matsala jikinsa ne zai biya. Gwargwadon zaɓin mutum, gwargwadon alhakin da ke wuyansa.

Ban ce kada ki je ba. Hutu haƙƙinki ne, uwar da ta sarara ta fi uwar da ke cike da ƙunci iya reno, kuma fita tare na ƙara danƙon aure. Amma ɗa amana ne, ita kuwa amana ba a caca da ita. Ki bari ki yi arba'in, jikinki ya yi ƙwari, an yi masa allurar rigakafin da ta kamata. Ku kama ɗaki a sansanin Wikki maimakon kwanan tanti, ki tafi da gidan sauro mai magani da kayan sanyi, don hunturun daji ba na wasa ba ne. In bai kai wata shida ba nono ya ishe shi, kada ki ba shi ruwan hanya. Ku tambayi lafiyar hanya, ku san asibiti mafi kusa, kada ku yi tafiyar dare. In jikinsa ya yi zafi, hutu ya ƙare ke nan, ko da an biya kuɗin ɗaki.

In ɗaya daga cikin waɗannan bai samu ba, ki gaya wa maigida cikin ladabi: “Alhaji, mu bari yaron nan ya ƙara wayo.” Giwa ba za ta gudu ba.

Sannan ke da Allah Ya ba ikon zaɓen inda za ki kwana, kada ki manta da wadda ba ta da shi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Gidan sauro ɗaya, bargo ɗaya, kwanon gero ɗaya ga mai goyon da ta gudo garinku ba zai rage miki komai ba. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya maido mana da zaman lafiya, amin.