SUNAN UKASHATU: ASALINSA, MA'ANARSA, DA DARASIN DA KE CIKINSA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, yana daga cikin haƙƙin ɗa a kan mahaifinsa ya zaɓa masa suna mai kyau, domin suna shi ne kyautar farko da uba ke bai wa ɗansa, da shi za a kira shi a duniya, da shi kuma za a ambace shi ranar da aka tsaya yi masa salla. Malamanmu na mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, sun bayyana cewa ana yanka wa jariri dabba ɗaya ranar bakwai ga haihuwarsa, a aske gashin kansa, a yi sadaka da nauyinsa na zinariya ko azurfa. Wannan duk mun riƙe shi. Abin da ya rage mana shi ne sanin sunayen da muke raɗawa. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayani a kan wani suna da ba kasafai ake jin sa ba a nan Kona da garuruwan da ke kewayen Tasawa da Mayahi, wato Ukashatu.

Ukashatu sunan Larabci ne, Larabawa na faɗarsa Ukasha ko Ukkasha, da shadda ko ba shadda. Malaman lugga sun ce kalmar tana nufin gizo-gizo, wasu suka ce saƙarsa, kuma tushenta yana komawa ga abin da ya cukurkuɗe ya harɗe, kamar gashin da ya daɗe bai ga mashaci ba. Amma “tu” ɗin da ke ƙarshensa a bakinmu, daga karatun allo da na zaure ya samo asali, inda ake bayyana wasalin harafin ƙarshe, kamar yadda muke cewa Usamatu da Huzaifatu da Ɗalhatu, alhali dukkansu maza ne.

Mai wannan suna da ya shahara da shi shi ne Ukashatu ɗan Mihsanu, daga ƙabilar Banu Asad, Allah Ya yarda da shi. Yana cikin waɗanda suka musulunta da wuri a Makka, ya yi hijira zuwa Madina, ya halarci yaƙin Badar a watan Ramadan na shekara ta 2 bayan hijira, wadda ta yi daidai da shekarar 624. Malaman sira, irin su Ibnu Ishaƙ, sun ruwaito cewa takobinsa ya karye a ranar, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya miƙa masa wani itace, ya girgiza shi ya zama takobi a hannunsa da ikon Allah, ya ci gaba da yaƙi da shi har ƙarshen rayuwarsa. A shekara ta 6 Annabi ya shugabantar da shi kan mutum 40 zuwa wani ruwa da ake kira Gamru. Bayan wafatin Annabi, lokacin halifancin Sayyidina Abubakar, ya fita cikin rundunar Halidu ɗan Walidu zuwa ga Ɗulaihatu, ɗan ƙabilarsu da ya yi da'awar annabci. An tura shi gaba leƙen asiri shi da Sabitu ɗan Aƙramu, suka yi kiciɓis da Ɗulaihatu da ɗan uwansa, a nan suka yi shahada kusa da Buzaha. Shi kuwa Ɗulaihatu daga baya ya tuba ya koma Musulunci, har ya yi yaƙin Ƙadisiyya tare da Musulmi.

Sai dai babban abin da ya ɗaukaka wannan suna shi ne hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas. Annabi (S.A.W.) ya ba da labarin cewa an nuna masa al'ummomi, aka nuna masa tasa, a cikinta akwai mutum 70,000 da za su shiga Aljanna ba hisabi ba azaba. Sahabbai suka shiga tattaunawa, wasu na cewa ko waɗanda suka zauna da Annabi ne, wasu na cewa ko waɗanda aka haifa cikin Musulunci ne. Da ya fito sai ya bayyana musu cewa su ne waɗanda ba su neman a yi musu tofi, ba su camfi, ba su yin lalas, kuma ga Ubangijinsu kaɗai suke dogara. Nan take Ukashatu ya miƙe ya roƙi a yi masa addu'a ya kasance cikinsu, Annabi ya yi masa bushara da cewa yana ciki. Wani mutum ya miƙe ya roƙi irin wannan, sai aka gaya masa Ukashatu ya riga shi. Har yau wannan amsa karin magana ce a bakin Larabawa, suna faɗa wa wanda ya zo neman abu bayan an riga shi.

To, me ya sa suna mai irin wannan tarihi ya yi ƙaranci a cikinmu? Dalili na farko, mu mutane ne masu yin takwara. Uba yana mayar da sunan mahaifinsa, ko na malaminsa, ko na amininsa, shi ya sa gidajenmu suka cika da Mamman da Abdu da Ibrahim da Isufu, in aka maimaita Muhammadu kuma a bi da Sani da Salisu da Rabi'u. Sunan da babu wani kaka da ya taɓa amsa shi yana wuyar shiga gida. Dalili na biyu, wannan “tu” na sa wasu su zaci sunan mata ne irin A'ishatu da Hadizatu. Na uku kuwa, wanda ya ji ma'anarsa sai gabansa ya faɗi, domin mu Gizo muka sani, mijin Ƙoƙi, sarkin wayo da yaudara cikin tatsuniya, ba mai son a ce ɗansa takwaran Gizo ne.

Amsar wannan ita ce, Annabi (S.A.W.) ya kasance yana canza munanan sunaye. Ya canza sunan wata ƴar Sayyidina Umaru mai ma'anar saɓo ya mayar da ita Jamila, ya canza Barra ya mayar Zainab saboda akwai yabon kai a cikinsa, ya so ya canza wa kakan Sa'idu ɗan Musayyibu suna daga Hazanu zuwa Sahalu. Amma ya zauna da Ukashatu shekaru masu yawa bai canza masa ba, da wannan sunan ma ya yi masa busharar Aljanna. Larabawa sun saba sa wa ƴaƴansu sunayen dabbobi da tsirrai: Usamatu zaki ne, Hanzalatu wata ƴar guna ce mai tsananin ɗaci, duk da haka su ne sunayen da muke alfahari da su saboda mutanen da suka amsa su. Wanda ya sa wa ɗansa Ukashatu ya yi wa mutumin Badar takwara ne.

A nan muke so mu ja hankalin iyaye, musamman waɗanda Allah Ya jarrabe su da rasuwar ƴaƴa ɗaya bayan ɗaya, abin da muke kira wabi. Mun san zafin wannan jarrabawa, babu wanda ya taɓa ɗaukar ɗan ƙaramin likkafani zuwa maƙabarta da zai raina ta. To amma a irin wannan hali ne ake zuwa wa uwa da shawarar a laƙaba wa jariri Ajuji ko Ayashe ko Bawa, a kai shi bisa juji a ɗauko, wai don mutuwa ta ga ba a damu da shi ba ta ƙyale shi. Yaro ya girma, sunan yankansa ya ɓace, ya tsufa ana kiransa da sunan shara. Wannan shi ne camfin da mutanen nan 70,000 suka bari. Allah Maɗaukakin Sarki, cikin sura ta 29 wadda ita ma sunanta Gizo-gizo, Ya kamanta masu neman majiɓinta koma bayanSa da gizo-gizon da ya saƙa ɗaki, kuma babu ɗakin da ya kai nasa rauni. Laƙabin wabi irin wannan ɗaki ne, ba ya tare ajali, ba ya ƙara wa yaro ko da kwana ɗaya.

Kada kuma wani ya fahimci cewa dogara ga Allah shi ne barin magani. Ummu Ƙaisi, ƴar uwar Ukashatu ta jini, ta taɓa kawo wa Annabi (S.A.W.) ɗanta bayan ta danne masa maƙogwaro da yatsa saboda ciwon wuya, kamar yadda matan Larabawa suka saba. Annabi ya hana su azabtar da yara da wannan al'ada, ya nuna musu wani itacen magani na ƙasar Hindu da ya fi sauƙi. Ashe ke nan barin al'adar da ke cutar da yaro, da neman masa maganin da ya fi, koyarwar Annabi ce. Mai juna biyu ta je awo, jariri a kai shi rigakafi, in zazzaɓi ya kama shi a gaggauta zuwa likita tun bai galabaita ba, sannan a bar sauran ga Mai rayawa da kashewa.

Ba mu ce kowa ya sa wa ɗansa Ukashatu ba, sunayen annabawa da Abdullahi da Abdurrahman suna nan da falalarsu. Abin da muke kira gare shi shi ne, kafin ranar suna uba ya zauna da malami ya tambayi ma'anar sunan da ya zaɓa da tarihin mai shi, ya shawarci uwar ɗan domin ita ma tana da haƙƙi, ya tabbatar an rubuta shi daidai cikin takardar haihuwa. In yaro ya yi wayo kuma, a zaunar da shi a ba shi labarin takwaransa, domin ya san wanda zai yi koyi da shi. Masu wannan suna da ke cikinmu, ƴan kaɗan ɗin nan, muna tunatar da su cewa takwaransu ya samu abin da ya samu ne da saurin miƙewa zuwa ga alheri tun wasu na zaune.

Allah Ya raya mana zuriyarmu bisa Musulunci, Ya ba iyayen da suka rasa ƴaƴa haƙuri da ladan haƙuri, Ya musanya musu da masu albarka, Ya tsare zukatanmu daga camfi, Ya sanya mu cikin masu shiga Aljanna ba da hisabi ba. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.