Kafin a tsoma alƙalami: haƙƙin masu labari a kan mai ƙaga labari

Duk wanda ya ƙudura niyyar rubuta ƙagaggen labari mai tsawo, irin wanda ake kira roman da Faransanci, yakan fara da tanadi. Yakan sayi sabon kaye, ya tsara babi-babi, ya zaɓi sunayen taurari, ya ƙayyade inda labarin zai soma da inda zai tuƙe. In labarin ya shafi zamanin da, sai ya rataya jaka ya nufi ƙauye wurin tsofaffi, ko ya shiga ɗakin ajiyar takardun tarihi a Yamai. Duk wannan wajibi ne. Amma akwai tambaya guda da ba kasafai take shiga kayen ba, alhali ita ta fi cancanta a warware tun da fari: abin da marubuci ya karɓo daga bakin mutane, nasa ne ya sarrafa yadda ya ga dama, ko kuwa ajiya ce aka ba shi?

Hausawa sun daɗe da sanin ƙage, sun kuma yi masa shinge. Mai tatsuniya takan buɗe da «ga ta nan, ga ta nanku», ta rufe da «ƙurunƙus», kuma ba a yin ta sai da dare. Yaron da ya ji waɗannan kalmomi ya san Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa zama a unguwarsu ba. Tarihi kuwa yana da nasa masu riƙo, a fada da zaurukan malamai, kuma ana iya ƙaryata wanda ya kauce. Ƙagaggen labari na zamani ya tsaya a tsakanin biyun: yana ambaton garuruwa na gaskiya da shekaru na gaskiya, sannan ya sa wa mutane maganar da ba wanda ya ji sun faɗa. Lokacin da Rupert East ya shirya gasar rubutu a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ya sha wahala kafin ya shawo kan malamai su yarda cewa ƙaga labari aiki ne da ya dace da mai ilimi. Ɗari-ɗarin nasu yana da tushe, domin rubutu a wurinsu mazaunin gaskiya ne.

Dubi yadda wasu marubuta suka tunkari wannan lamari tun a matakin shiri. A 1884, Emil Zola ya tafi yankin Anzin da ke arewacin Faransa ana tsakiyar yajin aikin masu haƙar gawayi. Ya sauka cikin rami, ya shiga gidajen ma'aikata, ya cika takardu da abin da idonsa ya gani, domin gani ya kori ji. Da ya fitar da Germinal a 1885, sai ya ƙagi sunan gari, Montsou, ya ƙagi tauraronsa. Wahalar da ya bayyana ta gaskiya ce, amma ba wani mahaƙi da za a nuna da yatsa a ce shi ne wane. Ya ɗauki halin da jama'a ke ciki, ya bar musu sunayensu.

Amadu Hampate Ba na ƙasar Mali ya bi wata hanya. Wani tsohon tafinta na zamanin mulkin mallaka ya ba shi labarin rayuwarsa da bakinsa, da wayonsa da zambarsa duka, bisa sharaɗin a sakaya sunansa. Marubucin ya riƙe alkawarin shekaru masu yawa bayan rasuwar mutumin, har L'Étrange destin de Wangrin ya fito a 1973 da sunan aro. Masu karatu da dama sun ɗauke shi ƙagaggen labari, shi kuwa ya dage cewa abin da aka ba shi ya isar. A nan an ƙulla yarjejeniya kafin a rubuta kalma ɗaya, kuma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Misali mafi nauyi yana nan gida. A watan Afrilu na 1899, rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar gawawwaki da toka a kan hanyarta, ta yi arangama da mutanen Lugu a ƙasar Arewa, ƙarƙashin Sarauniya Mangu. Takardun Faransawa ba su faɗi abu mai yawa game da ita ba, kuma a bakin mutanen yankin an fi tuna ta da ƙarfin asiri da riƙon al'adar Azna. Abdulaye Mamani, ɗan gwagwarmayar Sawaba da ya ɗanɗani gudun hijira, ya cike giɓin da tunaninsa a cikin Sarraounia, wanda ya fito a 1980. Ya ba ta ƙuruciya da mai reno, ya sa mata jawabai a baki, ya mai da ita jarumar yaƙi. Med Hondo ya juya littafin zuwa fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar lambar FESPACO a Wagadugu a 1987. Daga nan Sarauniyar littafi ta shiga makarantu da dandalin wasan kwaikwayo.

Ba a iya musun alherin da wannan aiki ya yi. Ya fito da sunan wata mace daga ƙauye ya ɗora shi a kan taswirar Afirka, ya kuma ba ƴan ƙasa abin alfahari a inda littattafan mai mulki suka yi shiru. Sai dai ribar ta zo da farashi. Ɗalibi a Maraɗi ko Tawa yakan iya ba da labarin Sarauniya kamar yadda Mamani ya tsara shi, ba tare da ya san inda shaida ta ƙare, ƙage ya fara ba. Sarautar Sarauniya kuwa ba ta mutu tare da Mangu ba, ta ci gaba a Lugu, kuma masu ita suna da nasu labarin da bai kai ƙarfin muryar littafi da fim ba. A ƙasar da littattafai suka yi ƙaranci, ƙagaggen labari guda kan iya zama shi ne tarihin da kowa ya sani.

Wani zai ce wannan ɗaure marubuci ne. Mai ƙaga labari ba alƙali ba ne, ba kuma marubucin fada ba. In aka ce sai ya nemi izinin kowa, ba littafin da zai fito, kuma masu iko ne za su fara cin moriyar wannan takunkumi. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma dole a bar wa marubuci ƴancin ƙage, har da na faɗin abin da wasu ba sa son ji. Amma ƴancin ƙage bai share bambancin da ke tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi ba. Sarki ko gwamna da aka soka a littafi yana da bakin ramawa. Tsohuwar da ta buɗe wa baƙo sirrin gidansu a kan tabarma, ba ta karanta Faransanci, wataƙila ma ba za ta taɓa jin cewa littafin ya fito ba. Gwargwadon rashin ikon mutum na kare kansa, gwargwadon nauyin amanarsa a wuyan marubuci.

Shi ya sa ya kamata a yanke wannan hukunci tun a lokacin tanadi, domin magana zarar bunu ce, balle wadda aka buga. Yana da kyau kayen shiri ya keɓe shafi da zai rarrabe abin da aka gani a takarda, da abin da aka ji a bakin mutane, da abin da marubuci ya yi niyyar ƙagowa. A gaya wa mai ba da labari, da harshen da yake ji, abin da za a yi da maganarsa. A tantance sunan da za a bari da wanda za a sakaya, musamman inda zancen ya taɓo bauta ko asalin wani gida, abubuwan da har yau suke hana aure. In littafin ya ɗauki sunan mutumin da ya taɓa rayuwa, ƴan layuka a farko ko a ƙarshe sun isa su shaida wa mai karatu inda aka yi ƙari.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu su ma suna da rabo a wannan nauyi. Malamin da ya karantar da Sarraounia, ya kuma aiki ɗalibansa su tambayo abin da dattawan garinsu suka riƙe game da wucewar rundunar 1899, ya koya musu girmama littafi ba tare da sun yi watsi da bakin kakanninsu ba. Daga cikin irin waɗannan ɗalibai marubutan gobe za su fito, su ɗauki jaka su nufi ƙauye, suna sane da cewa abin da za su ɗebo yana da masu shi.