Kunyar Ɗan Fari a Ƙasar Baƙunci

'Yar'uwa cikin Almasihu, ke da kike ɗauke da cikin fari a wani gari na Ingila, ko Mancesta ne ko Bamingham, inda aiki ko karatu ya kai ki tare da maigidanki, da ke nake magana. Sauran 'yan ikilisiya kuma su saurara, gama da wuya a sami majami'a a Jos ko Kaduna yau wadda ba ta da 'ya a ƙetare. Tambayar ita ce: kunyar da aka rene ki da ita, wadda take hana ki buɗe baki ki ce kina bukata, har yanzu halin kirki ce a inda kike, ko kuwa ta zama wani abu dabam?

Ki tuna yadda abin yake a gida. Da ciki ya kai wata bakwai ko takwas, sai a zo a tafi da yarinya goyon ciki gidan iyayenta. Ba ta roƙa ba, ba ta ma ambaci cikin da bakinta ba. Uwa ce take duban ƙafafunta ta ga sun kumbura, goggo ce take lura ba ta taɓa tuwon dare ba. Ranar haihuwa ana yaba wa wadda ta cije ba ta yi kuka ba. Bayan haka akwai mai dafa ruwan wanka, akwai mai dama kunu, 'yan Zumuntar Mata suna shigowa da sabulu da zane da waƙa, har a yi arba'in hannunta bai taɓa tsintsiya ba. A irin wannan gida kunya ado ce, domin idanu goma suna karanta shirun mutum ɗaya. Mai kunya ba ta rasa kome ba, ta dai bar wa manya aikinsu.

To, a can fa? A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma, kina zaune a ɗaki a bene na uku, maigida yana aikin dare. Maƙwabciyarki tana yi miki murmushi a matakala, amma ba za ta ƙwanƙwasa ƙofarki ba. Kada ki ɗauka mugunta ce. A wurinsu shiga sha'anin mutum ba tare da ya gayyace ka ba shi ne rashin ladabi, wato ita ma kunyarta take ji, irin tasu. Kunya biyu sun haɗu a matakala, kowacce tana jiran ɗayar ta fara. Ungozomar asibiti za ta tambaye ki yadda kike, ki ce lafiya lau, kamar yadda ake amsa gaisuwa a gida. Ita kuwa ba gaisuwa take yi ba. Za ta rubuta a takarda cewa lafiyarki lau, ta kira mai bi miki.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rahotannin da ake fitarwa a Birtaniya a kan mutuwar mata wajen haihuwa sun sha nuna cewa hatsarin ya fi yawa a kan baƙar mace fiye da farar mace. Dalilan suna da yawa, wasunsu laifin waɗanda ba sa sauraro ne, amma shirunki ba zai taimake ki ba ko kaɗan. Ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannu farat ɗaya, alamun hawan jinin ciki ne wanda yake kai ga jijjiga. In motsin yaro ya ragu, su da kansu suna cewa a kira su ko da tsakar dare ne, kada a jira gari ya waye. Bayan haihuwa kuma, fiye da mace 1 cikin 10 takan shiga baƙin ciki mai nauyi wanda ba ta san mafarinsa ba. Cuta ce mai magani, ba ƙarancin bangaskiya ba ce.

Za ki ce mini haƙuri ɗiyan Ruhu ne, kuma mai bi yana kai kukansa ga Ubangiji. Gaskiya ne. Amma ki duba abin da ya faru a daren jibin ƙarshe, a Yahaya sura 13. Yesu ya ɗauki ruwa zai wanke ƙafafun almajiransa, Bitrus ya ƙi. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da Bitrus ya ji, kunya ce tsantsa, ta girmama babba. Duk da haka Ubangiji bai yaba masa ba. Ya nuna masa cewa ƙin karɓar hidima yana iya raba mutum da shi. Ashe akwai tawali'un da girman kai yake ɓuya a cikinsa, na wanda ya yarda ya yi wa kowa hidima amma bai yarda a ga ƙurar ƙafarsa ba. Shi kansa Yesu, da ya gaji a bakin rijiya a Samariya, bai jira a lura da ƙishinsa ba. Ya roƙi ruwa a wurin mace, baƙuwa, daga kabilar da mutanensa ba sa cuɗanya da ita. Maryamu kuwa, da ta sami cikinta na fari, ta tashi da hanzari zuwa ƙasar tuddai ta Yahudiya wurin Alisabatu, ta zauna wajen wata uku. Ba aika mata aka yi ba, ita ce ta nemi babbar mace.

Na san abin da ya fi wuya. Ba neman taimakon ba ne kaɗai, a wurin wa za a nema? Mahaifiyarki ta nemi biza, wataƙila an hana ta. Majami'ar da kike zuwa sujadar sa'a ɗaya ce, a sha shayi a watse, babu ganga, babu mai ce miki sannu da nauyi. Kuma a can cikin zuciya akwai wata murya mai cewa in kika bar wata tsohuwa Baturiya ko wata 'yar Gana ta riƙe miki jariri, kin ba da matsayin uwarki, kin amince nan ne gida. Mutanen Yahuza da aka kwashe zuwa Babila sun ji irin wannan murya, har da annabawan ƙarya masu ce musu su bar kayansu a ɗaure, komawa ta kusa. Wasiƙar da Irmiya ya aika musu, a sura 29, ta umarce su su gina gidaje, su dasa gonaki, su haifi 'ya'ya, su yi wa birnin addu'a. Bai ce su manta da Urushalima ba. Ko shekara biyu kawai za ki yi, yaron nan ba zai jira ki koma ba, a nan zai fara numfashi, kuma yana bukatar hannuwa fiye da huɗu.

Ba dukan abin da kika rasa ba ne hasara. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciya bayan haihuwa. Abin da ya riƙe iyayenmu mata shi ne hannuwan da suke ɗauko ruwan, kuma Allah yana da irin waɗannan hannuwa a kowane gari.

Kai kuma maigida, hutun haihuwa da doka ta ba uba a can mako 2 ne. A gida da an kore ka daga ɗakin mai jego, a can kai ne goggo, kai ne kaka. Ka koyi wanke jariri tun kafin ya zo, kada kuma kunyarka ta namiji ta rufe ƙofar da matarka take ƙoƙarin buɗewa. Ku da kuke gida, in kun kira ta a waya, kada maganar kuɗin makaranta ta riga tambayar abin da ta ci yau. Tana ɓoye muku hawayenta ne don kun ɗauka wanda yake Turai ya gama da wahala. In ta ce lafiya lau, ku sake tambaya.

Sa'ad da Rut, baƙuwa daga Mowab, ta haihu a Baitalami, matan unguwa ne suka taru suka raɗa wa yaron suna Obida. A Ingila doka ta ba ku kwana 42 ku yi rajistar haihuwa, amma babu dokar da ta hana ku yin suna a rana ta bakwai ko ta takwas a ɗan falonku. Kafin lokacin ya yi, Lahadi mai zuwa bayan sujada, ki tsaya wurin shan shayin nan. Ki nemi mace guda mai furfura, ki gaya mata watan haihuwarki, ki ce mahaifiyarki tana nesa, ki tambaye ta ko za ta ba ki lambar wayarta.