Nasiha kan kyautata zato ga ɗan'uwa cikin gardamar harshe

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai muridi, na rubuta wanga a Sharabi, ƙasar Bagudo, saboda wani laifi da na kama zuciyata a kansa. Wata Juma'a da anka sauko, mutum biyu sunka yi gardama a ƙofar masallaci. Dattijo ya ce huɗuba ba ta inganta sai da Larabci. Saurayi ya ce a fassara ta da Hausa. Dattijo ya kira shi mai raina malamai, shi ko ya ce dattijo so yake jama'a su dawwama cikin duhu. Ni ma a ɓoye na yanke wa saurayin hukuncin girman kai. Bayan kwana uku na ji dalilinsa. Ubansa da Dandanci ya tashi, Hausa a kasuwa ya koye ta, shekara 40 shina zuwa Juma'a bai taɓa gane abin da liman ke faɗi ba. Sai kunya ta kama ni, na nemi gafara.

Ka duba, kowanensu na da madogara. Mashhurin mazhabar Imamu Malik shi ne huɗuba ta kasance da Larabci, dattijo tsoron ɓacin salla yake yi. Imamu Abu Hanifa ya halatta ta da wani harshe, saurayi tsoron wa'azi ya wuce ubansa yake yi. Duka biyu tsoron Allah ne, amma kowa ya ga Shaiɗan a bakin ɗan'uwansa.

Magabatanmu ba haka sunka yi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu 1817, ya yi wa'azi da Hausa da Fulatanci, har ya ƙetare Kwara ya iso Illo, nan kusa da mu, alhali littattafansa da Larabci suke. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya yi tafsiri da Larabci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu 1864, ta yi waƙoƙi da harsunan uku domin mata su ji. Kowane harshe sun aje shi wurin da ya dace.

To, in ka ji magana ta yi maka nauyi, kada ka yi gaggawa. Ka tambayi mai ita abin da yake tsoro. Ka ɗauki maganarsa bisa mafi kyawun ma'anarta. In ya yi kuskure ka gyara da hujja, ka bar niyyarsa ga Wanda ke ganin zukata. Kyautata zato ba ya hana ka riƙe mazhabarka, mugun zato kuwa yana cin ladan wuridinka.

Allah ya wanke zukatanmu, ya cika mu da imani. Amin.

Tamat bi hamdillahi.