Mai Damina Ɗaya

Darasin farko da ake koya wa ɗalibin lissafin yiwuwa a jami'a shi ne na jefa kwabo. A jifa ɗaya ba wanda ya san fuskar da zai faɗa a kai. A jifa dubu goma kuwa, kusan rabi da rabi za a samu. Masanin lissafi Jacob Bernoulli ne ya tabbatar da wannan ƙa'ida, a littafinsa da ya fito a 1713 bayan rasuwarsa. Ni aikin jarida na karanta, amma tun da nake karanta wa masu sauraro hasashen yanayi a rediyo, dole ta sa na leƙa wannan fanni. Ƙa'idar gaskiya ce. Tambayata ita ce: wa take yi wa aiki?

Mu ɗauki Simsim, yankin noma da ke kudu da garin Gadarif a gabashin Sudan, jihar da Hausawa da dama suka daɗe da zama. Sunan ma riɗi yake nufi da Larabci. Ƙasa ce baƙa mai laka, ana noman dawa da riɗi da taraktoci, kuma ruwan sama kaɗai aka dogara da shi. Riɗi kuwa ba ya jira: in ya nuna ba a yanke shi cikin 'yan kwanaki ba, sai ya fashe ya zube.

Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa cikin damina goma bakwai na yin kyau, uku na ɓaci. Ɗalibi zai lissafa ya ce a shuka, domin ribar bakwai ta rinjayi asarar uku. Bai yi kuskure ba. Sai dai amsar ta dace ne da mai jifa da yawa: bankin da ya ba ɗaruruwan manoma bashi shekara da shekaru, ko attajiri mai gonaki a wurare daban-daban, wanda rumbunsa zai riƙe shi har damina ta gyaru. Wanda ya ari gona ɗaya, ya ci bashin iri da man tarakta, jifa ɗaya gare shi. In ta faɗo cikin ukun nan, ba zai kai ga bakwan ba. A tsarin salam, ana ba manomi kuɗi tun kafin girbi, a kan zai kawo adadin buhunan da aka yanke. An sha kai manoman Gadarif kurkuku a kan bashin noma.

A nan ne abin ya bar allo ya shiga hukuncin da muke yi wa juna. Mutum biyu sun shuka riɗi rana ɗaya, da dabara ɗaya. Hadari ya sauke a gonar wannan, ya tsallake ta wancan. Da kaka ta yi, na farko ya zama mai hangen nesa, ana neman shawararsa a kasuwa. Na biyu ya zama mai ganganci, har 'yan uwa na cewa da ma sun faɗa. Alhali shawararsu ɗaya ce. A ganina, auna mutum da abin da ya girba, ba tare da duba abin da ya sani ranar shuka ba, rashin adalci ne, ko da bakinmu ya saba da shi.

Wani zai ce ai wanda ya san jifa ɗaya gare shi bai kamata ya yi kasada ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, shi ya sa tsofaffin manoma ba sa barin dawa, mai jure fari, komai tsadar riɗi. Amma in aka bi wannan magana har ƙarshe, an yanke ke nan cewa amfanin gona mai kuɗi na mai kuɗi ne kaɗai.

Ina fata malaman da ke koyar da wannan fanni, a Jami'ar Gadarif ko a Bayero ta Kano, su riƙa ƙara tambaya guda a jarrabawa. Bayan ɗalibi ya fitar da matsakaiciyar riba, ya faɗi damina nawa a jere manomin zai iya faɗuwa kafin a sayar da taraktarsa, sannan ya faɗi wanda zai saye ta.